Farfaɗowa Bayan Tiyatar Sankarar Harshe da Cire Kaluluwar Wuya: Nazarin Jinyar Gida a Jega, Aliero da Maiyama

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin halin da majinyaci yake shiga bayan an yanke masa wani sashe na harshe saboda sankara, an kuma cire masa kaluluwar wuya. An bi hanyar bitar abin da binciken likitoci ya tabbatar, sannan aka auna shi da cima da lafazi da sana'o'i da hanyoyin sufurin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi. Nazarin ya nuna cewa farfaɗowa ta rataya ne a kan abubuwa huɗu: haɗiya, magana, kafaɗa, da komawa asibiti a kan kari. Uku daga cikinsu a gida ake yin su, a hannun mai jinya. Saboda haka maƙalar ta ba da shawarar a mayar da horar da mai jinya da ma'aikatan lafiya na karkara wani ɓangare na maganin kansa.

Muhimman kalmomi: sankarar harshe, kaluluwar wuya, haɗiya, furuci, jinyar gida, Jihar Kebbi

1.0 Gabatarwa

Harshe 'yar tsoka ce, amma da shi ake juya loma, ake gaida maƙwabci, ake cinikin albasa, ake karanta Fatiha. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mutum 389,846 ne suka kamu da sankarar leɓe da cikin baki, 188,438 kuma suka rasu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan sankara daga fatar da ta lulluɓe cikin baki take tasowa, kuma gefen harshe na cikin wuraren da ta fi kamawa. Manyan sanadinta su ne sigari da tabar da ake cusawa a baki da barasa. Alamarta ta farko sau da yawa miki ne da ya haura mako 2 zuwa 3 bai warke ba.

Jega da Aliero da Maiyama suna kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal ta nufi Koko da Yawuri. Kowannensu yana da babban asibitin gwamnati, amma tiyatar kai da wuya aikin manyan cibiyoyi ne, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ke nan a birni ake yin aikin, a gida ake yin jinyar. Wannan tazara ce maƙalar ta sa a gaba.

2.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An tattara abin da ya tabbata a fagen tiyatar kai da wuya game da illolin aikin da lokutan warkewa. Daga nan aka ɗauki kowace illa aka tambayi abu biyu: me ke cikin rayuwar mutumin wannan yanki da zai tsananta ta, me kuma ke cikinta da zai sauƙaƙa ta? An dogara da ilimin furucin Hausa da na tajwidi wajen nazarin magana, da sanin cimar yankin wajen nazarin haɗiya.

3.0 Aikin da Ake Yi da Dalilinsa

Likita yakan yanke ƙarin tare da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi. Idan gurbin ƙarami ne a ɗinke. Idan babba ne a cike shi da tsokar ƙirji, dabarar da Stephan Ariyan ya bayyana a 1979, ko da fatar damtsen hannu ta ƙasa, wadda likitocin Sin suka fito da ita a 1981.

Tambayar da dangi suka fi yi ita ce: ciwo a harshe, me ya kawo wuƙa wuya? Amsa ita ce kaluluwar wuya ce zangon farko da sankarar harshe take sauka idan ta fara yaɗuwa, kuma tana iya ɓuya a can ba tare da hannu ya ji ta ba. Binciken da Anil D'Cruz da abokan aikinsa na Asibitin Tata Memorial da ke Mumbai suka wallafa a 2015 ya nuna cewa cikin masu sankarar baki ta matakin farko, kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka cire wa kaluluwa tun farko suna raye bayan shekara 3, alhali kashi 67.5 ne kawai cikin waɗanda aka jira sai ta bayyana. Salon aikin ma ya sauya. Wanda George Crile ya bayyana a 1906 yakan tafi da tsoka da jijiyoyi gaba ɗaya. Daga 1963 Osvaldo Suárez na Ajantina ya nuna ana iya kwashe kaluluwar a bar jijiyoyin, kuma wannan ne ya rage naƙasar da ake fita da ita.

4.0 Haɗiya da Cimar Yankin

A kwanakin farko ta robar hanci ake ciyar da majinyaci. Haɗarin da ke jiransa bayan an cire ta shi ne ƙwarewa, wato abinci ya bi hanyar iska. Mai jinya yakan ɗauka ruwa ne mafi sauƙi, alhali ruwa tsinkakke yana riga harshe mai rauni isa maƙogwaro. Abu mai ɗan kauri ya fi biyayya. Tari yayin ci, da muryar da ta jiƙe bayan haɗiya, da zazzaɓi, alamu ne na cewa abinci yana sauka huhu.

Ma'aunin duniya na kaurin abincin masu wahalar haɗiya yana da matakai daga 0 zuwa 7, daga ruwa zalla zuwa abinci na kullum. Ɗakin girkin Bahaushe yana da kusan dukan waɗannan matakai: koko, kunu mai kauri, fura da aka dama aka tace, tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, alala, dafaffen ƙwai da aka murƙushe. Yauƙin kuɓewa da kuka yana taimakon loma ta zame.

Inda gizo ke saƙar shi ne kunun gero zalla ruwa ne da gari, ba ya gina tsoka. Rauni kuwa ba ya haɗewa sai da abinci mai gina jiki. A ƙara wa kunu niƙaƙƙiyar gyaɗa ko madara ko garin waken suya, a zuba cokalin man gyaɗa, a tsame kifi a cire ƙayarsa tsaf a dama shi cikin miya. Nonon da za a ba shi a tafasa madararsa tukuna. A ajiye ludayi a ɗauki ƙaramin cokali, majinyaci ya zauna a miƙe, a ɗora abincin a gefen harshen da ba a taɓa ba. Kunun tsamiya da yaji da citta da kanumfari sai baki ya warke. A riƙa auna nauyinsa duk mako. Raguwar da ta haura kashi 5 cikin 100 a wata guda dalili ne na komawa wurin likita. Azumi kuwa, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, kuma jin haka daga bakin limamin unguwa ya fi kwantar da hankali.

5.0 Magana da Karatu

Baƙaƙen Hausa ba ɗaya suke shan wahala ba. Na leɓe, irin su b da ɓ da m, ba sa taɓuwa sosai. Na doron harshe, wato k da g da ƙ, sun fi lalacewa idan yankan ya yi baya. Mafi yawan asarar tana kan na tsinin harshe: t, d, ɗ, s, ts, z, l, n, da ra guda biyu, ta tara mai nufin lamba da ta tara mai nufin haɗawa.

Sai dai Hausa tana da wani gata. Karin sauti daga maƙogwaro yake fitowa, tsawon wasali kuma lokaci ne, duka biyun wuƙa ba ta taɓa su ba. Majinyacin da ya rasa tsinin harshe zai ci gaba da bambanta gari na zama da gari na tuwo, da baba mahaifi da baba na rini. Don haka a koya masa ya rage sauri, ya fito da kari da tsawo sosai, domin su cike giɓin baƙaƙen. Atisayen kuma a gina shi a kan tagwayen kalmomi irin kara da ƙara, sara da tsara, da da ɗa, kuma da karin harshen da ya tashi da shi. Wanda ya saba cewa hwari ba a tilasta masa fari.

Ga musulmi damuwar ta wuce hira. Bisa ƙirgan Ibnul Jazari mafitar haruffan Larabci 17 ce, 10 daga ciki a harshe suke, suna fitar da haruffa 18. Mutumin da ya yi shekaru yana limanci ko koyarwa a makarantar allo zai ji wannan rashi a zuciyarsa kafin bakinsa. Malamin tajwidi ya san inda kowane harafi yake fita, don haka zai iya zama abokin aikin asibiti, ya kuma tabbatar wa majinyaci cewa sallar mai uzuri ingantacciya ce gwargwadon ikonsa.

6.0 Kafaɗa da Wuya

Jijiya ta 11 cikin 12 da ke fitowa daga ƙoƙon kai ta ratsa wuya ne zuwa tsokar da ke ɗaga kafaɗa. Ko an bar ta, jan da ta sha yakan sa kafaɗa ta sunkuya, hannu ya ƙi wuce kai. Ga manomin da ke riƙon garma, da ɗan dakon da ke saɓa buhun albasa, da matar da ke daka, wannan batun abinci ne.

Aliero ta yi suna da masu ɗori, kuma ba mamaki wanda kafaɗarsa ta zube ya nufe su. Amma wannan ciwo ba karaya ba ne ba targaɗe ba; ƙashi lafiya lau yake. Ɗaure hannu a hana shi motsi gaɓar zai sandarar. Maganinsa motsi ne na kullum bayan likita ya ba da izini: ɗaga kafaɗu, lilo da hannu, hawa bango da yatsu. Idan jijiyar tana nan, ƙarfi yakan dawo cikin wata 6 zuwa 12.

Kumburin ƙarƙashin haɓa, wanda ya fi yawa da safe, ruwan jiki ne da aka datse wa hanya. Ba mugunya ba ce, saboda haka ba a yi masa sakiya ko tsaga ko ƙaho. A ɗaga kai yayin barci, a yi shafar da asibiti ta koyar. Fatar wuya da kunne takan mutu na wani lokaci, ruwan zafi ko askar wanzami na iya yi mata rauni mai ita bai ji ba.

7.0 Gashi da Komawa Asibiti

Idan gwajin naman da aka cire ya nuna ana buƙatar gashi da na'ura, ƙa'ida ita ce a fara cikin mako 6 bayan tiyata, kwana 5 a mako, har kusan mako 6. Zuwa 30 ke nan, a kan hanyar Sakkwato da ta haura kilomita 100 daga Jega. Wanda bai tanadi masauki da guzuri ba zai yanke a tsakiya, yankewar kuwa tana ba sankara damar farfaɗowa. Asusun tallafin masu sankara na Gwamnatin Tarayya da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya fara, don haka nauyin mai ciwon harshe ya fi faɗawa kan dangi.

Gashi yana busar da yawu, iskar hunturu da zafin bazara kuma su ƙara. Baki maras yawu haƙoransa saurin ruɓewa suke yi, cire haƙori daga muƙamuƙin da aka gasa kuma na iya jawo ruɓewar ƙashi. Don haka a duba haƙora kafin gashi, a lazimci man goge baki mai fuloraid da kurkurar ruwan gishiri, kada kuma a cire haƙori ba da sanin likitan sankara ba. Bakin da ba ya ɗaukar yatsu 3 a jere, wato ƙasa da milimita 35, ya fara ƙanƙancewa.

Mafi yawan dawowar cutar cikin shekara 2 na farko take faruwa. Shi ya sa ake ganin majinyaci duk wata 1 zuwa 3 a shekarar farko, duk wata 2 zuwa 6 a ta biyu, ko da yana jin garau. Komawa ga taba kuwa mayar da hannun agogo baya ne.

8.0 Shawarwari

Na farko, kada a sallami majinyaci sai mai jinyarsa ya dama kunu ya ciyar da shi a gaban ma'aikaciyar jinya, ya kuma nuna atisayen kafaɗa da hannunsa. Na biyu, Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Jega ta sa duba baki da wuya da kulawar bayan tiyata cikin horon ma'aikatan lafiya na karkara. Na uku, a rubuta jagorar abinci da furuci da Hausa, boko da ajami, a kuma naɗe ta a murya don wayar salula. Na huɗu, a jawo masu ɗori da wanzamai da limamai a nuna musu alamun da ke buƙatar asibiti. Na biyar, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha da ƙungiyoyi irin gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu su duba batun masauki da kuɗin mota na masu gashi.

9.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa kayan farfaɗowa ba baƙi ba ne a Jega da Aliero da Maiyama. Gyaɗa da kuka da kifi suna kasuwa, karin sautin Hausa yana maƙogwaro, malamin tajwidi yana zaure. Abin da ya rage shi ne sani ya isa hannun matar da ke riƙe da cokali da ɗan da ke raka mahaifinsa tasha. Likita yakan gama nasa cikin sa'o'i. Ranar da majinyaci ya cinye tuwonsa bai ƙware ba, ya amsa sallama aka gane shi, ya ɗaga hannu ya yi kabbara, ranar ce aikin ya cika.