Sanƙarau: abin da binciken masana ya gano

Sanƙarau cuta ce da ke kumbura ƴar tantanin da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Takan zo da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da sanƙarewar wuya. A ƙasarmu an fi ganinta daga hunturu zuwa bazara. In damina ta faɗi sai ta lafa.

Wata ƙwayar cuta ce ke haddasa annobar. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Wani malamin likitanci mai suna Anton Weichselbaum ya gano ta a birnin Biyana, a shekara ta 1887. Mutane da yawa suna ɗauke da ita a maƙogwaro ba tare da sun kwanta ba, kuma ta tari da atishawa take wucewa ga wani.

Babban abin da bincike ya nuna shi ne ƙwayar ba iri ɗaya ba ce. Tana da dangogi, an raɗa musu suna da baƙaƙe: A, B, C, W, X da Y. Allurar da ta tsare mutum daga wani dangi ba lalle ta tsare shi daga wani ba. Shi ya sa likita ke ɗibar ruwan gadon bayan majiyyaci. Iyaye kan tsorata da wannan allura, alhali da ita ake sanin wane abokin gaba ne ya shigo gari. Ana aika ruwan Yamai, cibiyar bincike ta CERMES, a tantance dangin.

Dangin A ne ya fi yin ɓarna a da. A annobar 1996 zuwa 1997 ya kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ya kashe wajen 25,000. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar. Masanan wata jami'ar kiwon lafiya ta Landan, tare da takwarorinsu na Cadi, sun bi sawun aikinta. A yankunan Cadi da aka yi wa allura a 2011, cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100.

Sai dai sauran dangogin ba su gushe ba. A 2015 dangin C ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar. Masana suka koma ɗakin bincike, aka gwada sabuwar allura a Mali da Gambiya, wadda ta haɗa A, C, W, X da Y. A 2024 aka yi amfani da ita a Nijeriya da Nijar.

Wanda aka yi wa tsohuwar allura, in an yi shelar sabuwa, ya je a yi masa.