BAYANI: Yadda jama'ar gari ke sa ido kan farfaɗo da gaɓar teku, da darasin da ke cikin rikicin alƙaluman Bodo

A shekarar 2008 bututun mai na Trans-Niger ya fashe sau biyu a kusa da garin Bodo, cikin ƙaramar hukumar Gokana ta jihar Ribas. Rahoton binciken haɗin gwiwa da kamfanin Shell ya dogara da shi ya ce ganga 1,640 ce ta malala a fashewar farko, kuma an fara malalar ne ranar 5 ga Oktoba. Mutanen garin suka ce tun 28 ga Agusta suke ganin mai a kan ruwa. Ƙungiyar Amnesty International, bisa nazarin bidiyon da aka ɗauka a wurin, ta ƙiyasta cewa abin da ya zuba ya haura ganga 100,000. Sai a 2014, a gaban wata kotun Landan, kamfanin ya amsa cewa alƙalumansa sun gaza ainihin abin da ya malala. A Janairun 2015 aka sasanta kan fam miliyan 55.

Shekara shida ke nan ana jayayya a kan abu guda, wato wanda ya auna, da abin da ya rubuta. Yanzu da aka shiga matakin gyara, ana kwashe mai daga laka ana dasa itatuwa, tambayar ta dawo da sabuwar fuska. Idan ɗan kwangila ya ce ya dasa dubu ɗari, wa zai koma bayan shekara biyu ya ƙidaya waɗanda suka rayu?

Abin da ake nufi da sa idon jama'ar gari

Tsari ne da mutanen da ba kimiyya ce sana'arsu ba, masunta, ɗalibai, malaman makaranta, mata masu tsintar dodon koɗi, ke tattara bayanai bisa ƙa'idar da aka tsara tare da masana, a maimaita awon a wuri ɗaya lokaci bayan lokaci. Su ne masu aikin sa kai a wannan fage (kalmar ta ɗauki wata ma'ana a Zamfara da Katsina, amma waɗannan igiyar awo da littafin rubutu ne makamansu).

Ba sabon abu ba ne. Ƙidayar tsuntsaye ta lokacin Kirsimeti a Amurka ta faro tun 1900, tana nan har yau. A ɓangaren teku, shirin Seagrass-Watch ya soma a 1998 a jihar Kwinsland ta Ostareliya, inda mazauna gaɓa ke auna ciyawar ƙarƙashin ruwa. A Najeriya ma akwai shirin taswirar tsuntsaye da cibiyar APLORI ta Jos ta ɓullo da shi a 2015, wanda matasan Arewa suka kafa tawagarsu a cikinsa.

Dajin da ake magana a kai

Mangurof itatuwa ne da ke tsiro a cikin laka inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku. Saiwoyin wasunsu a waje suke, kamar ƙafafun gizo, ruwa ya rufe su idan teku ta cika, ya buɗe su idan ta janye. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan wannan daji, akasarinsa a Neja Delta. Cikin saiwoyinsa ƙananan kifaye da jatan lande ke girma kafin su fita teku, yana rage ƙarfin igiyar ruwa, lakarsa kuma tana adana iskar kabon mai yawa. Shirin Global Mangrove Watch, mai amfani da tauraron ɗan'adam, ya ƙiyasta faɗin dajin a duniya da kusan murabba'in kilomita 147,000 a 2020.

A Ogoni ɗanyen mai ne babban abokin gabarsa. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, wanda aka fitar a Agustan 2011 bayan nazarin samfura fiye da 4,000, ya ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar a fara da dala biliyan ɗaya. Akwai abokin gaba na biyu da ba a cika ambata ba: wata irin kaba mai suna nipa, wadda aka shigo da ita Kalaba daga kudu maso gabashin Asiya a 1906. Duk inda mangurof ya mutu, ita ke saurin mamaye gurbin.

Me ya sa dashe kaɗai ba ya isa

Tarihin dashen mangurof cike yake da asara. Bayan bala'in tsunami na 2004, ƙungiyoyi sun yi rububin dasawa a Siri Lanka. Wani nazari da aka wallafa a 2017 ya bi wurare 23, ya tarar cewa a tara daga cikinsu ko itace ɗaya bai rayu ba, uku kacal ne suka haura rabi. Cikin hekta 1,000 zuwa 1,200 da aka dasa, kimanin 200 ne suka kama. A Filifin, masaniyar nan Jurgenne Primavera da abokin aikinta sun ruwaito a 2008 cewa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ne ke rayuwa na dogon lokaci, duk da miliyoyin dalolin da aka kashe.

Dalilin ba boyayye ba ne. Mangurof na son tudun laka da ruwa ke rufewa na wani ɓangare na yini kawai, kuma kowane nau'i da matsayinsa. Masu gaggawa sukan nufi buɗaɗɗen fili da ke can ƙasa, inda babu mai gardamar mallaka, su kafa nau'in Rhizophora saboda irinsa dogo ne kamar fensir, soka shi a laka ba wuya. Ruwa ya nutsar da shi, igiya ta tumɓuke shi. Marigayi Robin Lewis, masanin Amurka da ya shafe rayuwarsa a wannan aiki, ya dage cewa a fara gyara hanyar shiga da fitar ruwa. Idan akwai iyayen itatuwa a kusa, teku da kanta za ta kawo irin. Wanda ya san yadda manoman Maraɗi suka farfaɗo da gonakinsu ta hanyar renon tohon kututture, bayan gangamin dashe ya sha cin tura, zai gane hikimar.

A ganina babbar matsalar ta lissafi ce. Ana biyan kuɗi bisa adadin da aka dasa, ana ɗaukar hoto ranar dashe, rahoto ya tafi wurin mai ba da tallafi. Mutuwar itatuwan kuwa a wata na shida ko na goma sha takwas take faruwa, lokacin da kwangila ta ƙare, motoci sun koma Fatakwal. Wanda ya rage a wurin shi ne masunci.

Yadda ake tsara aikin

Aikin mai tsarawa yana farawa tun kafin a soka iri ko ɗaya. Dole a auna yanayin wurin a matsayin ma'aunin farko, domin idan ba a san yadda yake jiya ba, ba za a iya cewa ya gyaru yau ba. Ana kafa filayen awo na dindindin, galibi mita goma sau goma, a kafe turaku a kusurwoyinsu, a ɗauki lambobin GPS. Wajibi ne a zaɓe su ta hanyar ƙuri'a ko a jere bisa tazara ɗaya, ba a bar wa ɗan kwangila ya nuna inda ya fi kyau ba. Ana kuma ware filaye iri biyu na kwatance: ɗaya a cikin lafiyayyen daji, ɗaya a wurin da ya lalace amma ba a taɓa shi ba. Na biyun ne ke nuna ko aikin ne ya kawo sauyi, ko kuwa dajin da ma zai toho da kansa.

Abin da ake aunawa bai kamata ya yi yawa ba. Rayayyu nawa, matattu nawa, tsawon kowane dashe, yawan waɗanda suka tsiro da kansu, zurfin ruwa a jikin sanda idan teku ta cika, sai hoto daga tsayawa ɗaya, fuska ɗaya, kowane zuwa. Dawowar ƙaguwa da dodon koɗi alama ce mai ƙarfi, kuma a nan matan da ke tsintarsu sun fi mai digiri ido. Ana yawaita ziyara a shekarar farko, a rage daga baya, amma a ci gaba har shekara biyar aƙalla. Manhajoji irin KoboToolbox na ba da damar cike fam a waya ba tare da intanet ba, su haɗa kowane hoto da wuri da lokaci, abin da ke sa ƙirƙirar alƙaluma daga ɗaki ta yi wuya.

Jadawalin ba na ofis ba ne, na teku ne. Ana shiga fili ne lokacin janyewar ruwa, wanda ke matsawa da kusan minti hamsin kowace rana, kuma 'yan sa'o'i ne kafin ruwa ya dawo. Mai tsarawar da ya sa taro ƙarfe tara na kowace Asabar zai tarar da filinsa a ƙarƙashin ruwa a wasu makonnin.

Shin za a iya amincewa da alƙaluman wanda bai yi karatun kimiyya ba? Wani nazari da Finn Danielsen da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya kwatanta awon mazauna da na ƙwararru a dazuzzuka 34 na Madagaska, Nikaraguwa, Filifin da Tanzaniya, ya tarar sakamakon ɓangarorin biyu ya yi kusa da juna. Sharaɗin shi ne horo, da maimaita horo, da kuma ƙwararre ya riƙa sake auna wasu filaye ba tare da sanarwa ba. Akwai kuma iyaka: ido na iya ganin mai a laka, amma yawan sinadarin benzin a ruwa sai ɗakin gwaji. A Nisisioken Ogale, UNEP ta samu benzin a rijiyoyin sha ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Wuri irin wannan ba a tura ɗan makaranta da takalmin roba kawai.

Maganar kuɗi

Kalmar sa kai tana da daɗin ji a Turai, inda ɗan fansho ke fita ƙidayar tsuntsaye don nishaɗi. A Gokana, sa'o'in janyewar ruwa da ake buƙata don awo su ne dai sa'o'in da mace ke tsintar abin da za ta kai kasuwa. Neman ta yi kyauta, alhali mai ba da shawara daga birni na karɓar alawus, zalunci ne da aka yi wa ado da suna mai kyau. Sai dai biyan ma yana da tarko. Idan wanda ya dasa shi ke biyan mai ƙidaya, ko kuma aka ɗaure ladan da yawan itatuwan da suka rayu, to an saye alƙalamin. Mafita ita ce a biya don ranar aiki, ko labarin mai daɗi ne ko marar daɗi, kuɗin kuma ya fito daga aljihun da ba na ɗan kwangila ba.

Ƙauyukan Gazi da Makongeni a gaɓar Kenya sun gwada wata hanya. Shirinsu na Mikoko Pamoja, wanda ya fara a 2013 da taimakon cibiyar binciken teku ta ƙasar, KMFRI, yana kare hekta 117 na mangurof, yana sayar da shaidar kabon ta kusan tan 3,000 a shekara. Sai an auna dajin an tabbatar kafin kuɗi su shigo, jama'a kuma su yanke abin da za a yi da su, kamar ruwan sha da littattafan makaranta. Ya samu lambar yabo ta Equator a 2017. Ƙaramin shiri ne, kuma kasuwar kabon tana da nata zarge-zargen, amma mutanen Gazi suna da dalilin komawa filin awo bayan baƙi sun tafi.

A hannun wa bayanan suke

A 2017 Kay Holtzmann, Bajamushen masanin ƙasa da ya taɓa jagorantar aikin tsaftace Bodo, ya zargi Shell da hana bayyana sakamakon gwajin gurɓatar da aka yi a yankin. Kamfanin bai amince da zargin ba. Ko ma dai yaya ne, al'ummar da ba ta da kwafin alƙaluma a hannunta ba ta da bakin magana a irin wannan jayayya. Shi ya sa ake rubuta yarjejeniya tun farko: kwafi ya zauna a gari, a karanta sakamako a taron jama'a da harshen gida, kada wani ɓangare ya samu ikon hana fitarwa.

Ba sai mutum na zaune a bakin teku zai iya shiga ba. Amnesty ta taɓa tara masu sa kai 3,545 daga ƙasashe 142 ta intanet, suka bi dubban takardu da hotunan binciken malalar mai da Shell da Eni suka wallafa. Rahoton da ya fito a Maris na 2018 ya nuna malala 89 da akwai shakku a kan dalilin da kamfanonin suka bayar. Batun na da nauyi, domin idan aka rubuta cewa ɓarayin mai ne suka fasa bututu, al'umma ba ta samun diyya. Hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006, tana da shafin Oil Spill Monitor da kowa zai iya dubawa daga Kano ko Yola.

Hukumar HYPREP, mai alhakin aiwatar da rahoton UNEP, ta ƙaddamar da aikin dashen mangurof a hekta 560 a Bomu, maƙwabciyar Bodo. Shell kuma ta kammala sayar da reshenta na haƙar mai a tudu ga kamfanin Renaissance a Maris na 2025. Duk ɗan jarida ko ɗan majalisar da aka miƙa wa rahoton nasarar dashe yana da tambayoyi huɗu da zai iya yi nan take: ina lambobin GPS na filayen awo, wa ya zaɓe su, wa ke biyan masu ƙidaya, kuma yaushe aka yi ƙidayar ƙarshe.