Takotsubo: Ciwon Zuciya Da Tsananin Baƙin Ciki Ke Haddasawa

Takotsubo ciwo ne da ba kasafai ake gani ba, wanda ke raunana ɓangaren hagu na zuciya bayan mummunan labari, kamar rasuwar makusanci, ko tsananin firgita. Likitocin Japan ne suka fara bayyana shi a shekarar 1990.

Akan kai majinyacin sashen gaggawa da ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, tamkar mai bugun zuciya, amma gwaji kan nuna jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ba su toshe ba. Ya fi kama matan da suka daina al'ada.

Akasarin majinyata kan warke cikin makonni, sai dai yana iya kisa. Don haka, wanda ƙirjinsa ya riƙe bayan tashin hankali, a garzaya da shi asibiti nan take.