Sunayen Dabbobi A Matsayin Siffar Mace A Bakin Bahaushe

Siffanta mutum da sunan dabba tsohuwar ɗabi'a ce a harshen Hausa. Ana ɗauko halin da aka san wata dabba da shi, ko wanda aka laƙaba mata, a ɗora wa mutum domin yabo ko zargi. A ƙasar noma irin ta Funtua, Malumfashi, Bakori, Danja da Kafur, inda dabba ke kwana gida ɗaya da mai ita, wannan salo ya yi ƙarfi a zancen yau da kullum, kuma kaso mai yawa na kalmomin a kan mata yake sauka.

Nahawun harshen ya sauƙaƙa hakan. Hausa tana rarrabe jinsi, ga kare ga karya, ga jaki ga jaka, ga zabo ga zabuwa, ga zaki ga zakanya. Wasu sunayen kuma, irin su giwa da barewa da kura, jinsin mace suke ɗauka tun asali.

Kalmomin yabo galibi daga daji ko sararin sama suke fitowa. Barewa tana nuni da kyawun ido da sirantakar jiki, kurciya da tattabara da natsuwa da ƙauna, zabuwa da ado, zakanya da jarumta. Giwa ta fi su duka daraja, domin ana cewa giwar mata ga wadda ta yi fice, ana kuma kiran matar sarki da wannan suna a wasu masarautu.

Kalmomin zargi kuwa yawancinsu daga turke da akurki suke. Tunkiya da jaka suna nufin rashin wayo, kaza tana nufin wauta ko butulci, kamar yadda ake cewa ta ci ta goge baki. Karya da akuya sun fi muni, saboda suna taɓa mutuncin mace ta fuskar kamun kai. Akwai kuma masu dafi, kunama da macijiya, waɗanda ake jifan kishiya ko uwar miji da su.

Abin lura shi ne dabbobin da ake zagin mace da su sune dukiyarta. A ƙauyukan kudancin Katsina, awaki da tumaki da kaji na cikin gida akasari na mata ne. Da su ake haɗa kayan ɗakin 'ya, a biya kuɗin magani, a sayi taki idan damina ta matso. Dabbar da aka saba da ita ana raina ta, wadda ake hange daga nesa ita ake kambamawa.

Maza ma ba su tsira ba, ana ce musu bunsuru ko jaki ko rago. Sai dai nauyin ba ɗaya ba ne. Sau da yawa ana ambaton bunsuru cikin raha, alhali kalmar karya tana iya kashe aure ko ta hana budurwa manemi.

Turanci ma haka yake. Kalmar da ke nufin macen kare ta zama zagin mata a Ingila tun wajen ƙarni na 15, kuma Shakespeare ya sanya wa wani wasansa suna da wata ƙaramar dabba mai kama da jaɓa, yana nufin mace mai faɗa. A 1975 masaniyar harshe Muriel Schulz ta nuna cewa kalmomin da suka shafi mata a Turanci sukan fara da ma'ana mai kyau, sannan su gangara zuwa ta batsa ko ƙasƙanci. George Lakoff da Mark Johnson kuma sun bayyana a 1980 cewa irin wannan kamance yana tsara yadda mutane ke tunani, bai tsaya ga adon magana ba.

Lamarin yana da hukunci. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi, ta kuma ambaci mata a keɓe. Aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga wanda ya yi wa mace kamila ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Jihar Katsina ke bi, shaguɓen da aka fahimci yana nufin zina ana iya ɗaukarsa ƙazafi. Don haka kalmar da ta suɓuce a kasuwa, ko a ofis, ko a dandalin WhatsApp, tana iya kai mai ita gaban alƙali.