Shekarun da Kirsimeti ta zama laifi a Ingila

Yau zan kai ku Ingila ne, shekarar 1647. A watan Yunin shekarar Majalisar Dokokin ƙasar ta soke bikin Kirsimeti da na Ista. Kuma fa waɗanda suka yi wannan aiki Kiristoci ne masu tsananin riƙo da addini, ana ce musu Furitan. Mutane da yawa suna ɗora wa Oliver Cromwell abin, alhali Majalisa ta yi dokar tun kafin mulki ya zo hannunsa.

To mece ce hujjarsu? Suka ce a buɗe Littafi Mai Tsarki a nuna musu inda aka ce a yi bikin. Matiyu da Luka sun kawo labarin haihuwar Yesu Almasihu, amma ba wanda ya faɗi rana ko wata. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin a 25 ga Disamba daga Roma ya fito, wajen shekarar 336. A wurinsu Lahadi kaɗai ce ranar da aka keɓe, saura duk ƙarin mutane ne. Ga kuma shaye-shaye da caca da ake kwana goma sha biyu ana yi da sunan biki.

Ɗaya ɓangaren suka ce a'a, abin da Littafi bai hana ba, ikilisiya tana da ikon tsara shi. Suna kafa hujja da Romawa sura 14, inda Bulus ya bar zancen girmama ranaku ga zuciyar kowane mai bi. Ni a ganina surar nan ta fi tsaya wa Furitan a wuya. Mutum ya ƙi yin biki, ruwansa. Amma ya hana maƙwabcinsa da ƙarfin doka?

Talakawa dai ba su tsaya muhawara ba. Ranar Kirsimetin 1647 magajin garin Kantabari ya ce a ci kasuwa kamar kullum, sai gari ya yamutse, aka far wa shagunan da suka buɗe. Haramcin bai faɗi ba sai 1660, da Sarki Charles na Biyu ya hau gadon sarauta.

Furitan ɗin da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da ra'ayinsu. A Masacusets, daga 1659 zuwa 1681, duk wanda aka kama yana bikin Kirsimeti tarar sule biyar ce a kansa. Sukotilan kuwa, wadda ta hana nata bikin tun 1640, sai a 1958 ta mayar da ranar hutun ƙasa.