Jarrabawar da ta Gaza Auna Haziƙi: Nazari kan Zaɓin Iyaye Masu Koyar da 'Ya'yansu a Gida a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin jarrabawoyin bai-ɗaya da iyaye masu koyar da 'ya'yansu a gida a Amurka suke zaɓa, musamman idan yaron haziƙi ne da ya yi wa sa'o'insa fintinkau. Ta dogara da dokokin wasu jihohi, da yadda aka tsara jarrabawoyin, da binciken da aka faro a Jami'ar Johns Hopkins a 1971. Ta gano cewa jarrabawar da ke gamsar da hukuma ba kasafai take iya nuna inda irin wannan yaro ya kai ba.

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1993 doka ta halatta karatun gida a dukkan jihohi 50 na Amurka. Cibiyar ƙididdigar ilimi ta ƙasar ta ƙiyasta cewa yara 850,000 ne ke karatu a gida a 1999, adadin da ya kai kusan miliyan 1.7 a 2016. Da annobar korona ta zo, hukumar ƙidaya ta ga gidajen da ke bin wannan hanya sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari zuwa 11.1 a cikin shekarar 2020 kaɗai.

Dalilan iyaye sun bambanta: wasu addini, wasu tsoron yanayin makaranta. Akwai kuma waɗanda ɗansu ya gama littafin lissafin shekara tun zango bai raba ba, ya koma zaman hamma a aji. Idan irin wannan yaro ya dawo gida, babu sauran malamin aji, babu katin sakamako, babu 'yan aji da za a kwatanta shi da su. Sai iyaye su juya ga jarrabawar bai-ɗaya, wato wadda aka riga aka gwada a kan dubban yara a faɗin ƙasa, aka fitar da mizanin da ake ɗora kowane sabon yaro a kai. Jarrabawoyin suna da yawa, kuma kowace da aikin da aka yi ta dominsa.

2.0 Abin da hukuma ke nema

Ilimi a Amurka hurumin jihohi ne, don haka dokar ta danganta da inda iyali yake zaune. A Texas ba a tilasta wa kowa jarrabawa, ko sanar da hukuma ma ba dole ba ne. North Carolina tana son jarrabawa duk shekara. Pennsylvania ta kayyade aji 3 da 5 da 8, ta kuma hana uwa ko uba su zama masu sa ido. New York ta fi tsauri: rahoto sau huɗu a shekara, da jarrabawa aƙalla shekara bayan shekara daga aji 4 zuwa 8, sannan kowace shekara daga aji 9 zuwa 12.

Abin lura shi ne makin da jihohin ke nema. New York tana son yaro ya haura kashi 33 cikin ɗari na sa'o'insa, ko ya nuna ci gaban shekara guda. Virginia ta tsaya a kashi 23, Oregon a 15, Colorado a 13. Damuwar hukuma ita ce kada a bar yaro a baya. Wanda ya wuce gaba ba ya cikin lissafinta, kuma ba laifinta ba ne, tunda ba don shi aka rubuta dokar ba.

Jarrabawoyin da aka fi saye don cika wannan sharaɗi tsofaffin hannu ne: Stanford, wadda ta fito a 1923, da Iowa ta 1935, da California, da TerraNova. Suna da araha, hukumomi sun san su, kuma suna yin aikinsu.

3.0 Matsalar rufi

Ana tsara jarrabawar aji 3 ne don ta bambance yaran aji 3 da ke tsakiya, inda mafi yawansu suke. Tambayoyi masu wuya ƙwarai 'yan kaɗan ake sakawa. Masana aune-aune suna kiran iyakar da jarrabawa ba ta iya gani bayanta da rufi. Kamar sikelin da ya ƙare a kilo 50 ne: buhu mai kilo 55 da mai kilo 100 duk abu ɗaya allurar za ta nuna.

A ce yara biyu sun ci tambayoyi 39 cikin 40, takardar kowannensu ta nuna ya fi kashi 99 cikin ɗari. Ɗaya ya ƙware a aikin aji 3 ne kawai, kuma aji 4 ya dace da shi. Ɗayan yana iya warware aljabara. Takardar ba za ta raba su ba. Ƙari a kan haka, a can saman mizani kuskure guda na gaggawa yana iya sauke yaro matakai da dama, har iyaye su ɗauka ya ja baya alhali babu abin da ya canza.

Akwai wata lamba da ta fi kowace ruɗar iyaye, wadda ke kwatanta makin yaro da aji. Idan ɗan aji 3 ya samu 7.2, iyaye da yawa sukan fahimci cewa ya isa shiga aji 7. Ma'anarta ita ce ya ci makin da matsakaicin ɗan aji 7, a watansa na biyu, zai ci da an ba shi wannan takarda ta aji 3. Ba a tambaye shi komai daga manhajar aji 7 ba.

Shekarun mizanin ma abin dubawa ne. Har yanzu ana sayar wa masu karatun gida bugun 1970 na jarrabawar California, wato ana kwatanta yaron yau da yaran da a yanzu sun kai shekarun samun jikoki. Haka kuma ya kamata a yi hattara da alƙaluman da ake yawan kafa hujja da su. Binciken Lawrence Rudner na 1999 ya duba yara 20,760 masu karatun gida, ya samu matsakaicin makinsu yawanci tsakanin mataki na 70 da na 80 cikin ɗari. Amma iyalan da kansu suka zaɓi yin jarrabawar, akasarinsu masu hali ne da ilimi, kuma Rudner da kansa ya yi gargaɗin cewa binciken bai tabbatar da fifikon karatun gida ba.

4.0 Dabarar Julian Stanley

A 1969 aka kawo wa Julian Stanley, masanin aune-aunen ilimi a Johns Hopkins, wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Joseph Bates, wanda ya fi ƙarfin duk abin da makarantarsa ke koyarwa. Stanley ya ba shi SAT, jarrabawar da 'yan shekara 17 ke yi don neman shiga jami'a. Yaron ya ci makin da ya sa Johns Hopkins ta ɗauke shi a wannan shekarar, daga baya ya yi digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta a Cornell.

Daga nan Stanley ya kafa shirin binciken SMPY a 1971, ya fara tara yara 'yan shekara 12 zuwa 13 da suka riga suka ƙure jarrabawar ajinsu yana ba su SAT. Yaran da a da suka cunkushe a saman mizani sai suka bazu daga ƙasa har sama a kan ma'aunin 200 zuwa 800. Wasu sun ci abin da ake tsammani daga ɗan shekara 12, wasu sun doke matsakaicin mai neman jami'a, 'yan ƙalilan sun haura 700.

Binciken ya koma Jami'ar Vanderbilt a hannun Camilla Benbow da David Lubinski, kuma ya bi rayuwar mutane sama da 5,000. Wani rahotonsa na 2013 ya duba mutum 320 da suka ci aƙalla 700 a lissafi ko 630 a harshe a SAT kafin su cika shekara 13. Zuwa shekara 38, kashi 44 cikin ɗari sun mallaki digirin digirgir, ko na likita ko na lauya. Wasu rahotannin sun nuna cewa ko a cikin kashi ɗaya cikin ɗari na sama, na ƙololuwa sun fi na ƙasansu yawan wallafe-wallafe da ƙirƙire-ƙirƙire. Bambancin da jarrabawar aji ke rufewa ke nan, kuma ya ci gaba da bayyana shekaru 25 bayan an auna shi.

Wannan dabara ta haifar da cibiyoyi: CTY a Johns Hopkins a 1979, TIP a Jami'ar Duke a 1980, da wata a Jami'ar Northwestern. Duke ta rufe nata shirin zaƙulo haziƙai a 2020. Ga ƙananan yara, CTY tana amfani da jarrabawar SCAT tun daga aji 2, cibiyar Belin-Blank ta Jami'ar Iowa kuma tana ba 'yan aji 4 zuwa 6 jarrabawar I-Excel mai ɗauke da aikin aji 8. Yaron da ya saba cin komai dole a shirya masa zuciya tukuna, domin an gina jarrabawar ne don ya ci karo da abin da bai sani ba, kuma a nan amfaninta yake.

5.0 Sauran zaɓuɓɓuka

MAP Growth jarrabawar kwamfuta ce da ke ƙara wuya idan yaro ya amsa daidai, ta sassauta idan ya kuskure, har ta tsaya inda yake cin kusan rabin tambayoyi. Tana da kyau wajen bin ci gaba daga zango zuwa zango, duk da cewa ita ma tana da iyaka ga waɗanda suka yi nisa sosai. Woodcock-Johnson, wadda ta fara fitowa a 1977, ƙwararre ne ke yi wa yaro shi kaɗai, yana ta hawa da shi har sai ya kasa.

Gwajin kaifin basira, wato gwajin IQ, wani fage ne daban. WISC-V ta 2014, ta yara 'yan shekara 6 zuwa 16, da Stanford-Binet bugu na biyar na 2003, masanin halayyar ɗan Adam ne kaɗai ke gudanar da su, kuɗinsu kuma ɗaruruwan daloli ne, wani lokaci ya haura dubu. Su ma suna da rufi: makin WISC-V na yau da kullum ya tsaya a 160, sai a 2019 aka fitar da faɗaɗɗen mizani da ya kai 210. Ba su gaya wa uwa littafin lissafin da za ta saya. Amfaninsu biyu ne. Suna buɗe ƙofar wasu shirye-shirye, irin na Davidson Young Scholars da ke neman makin IQ 145 ko sama. Suna kuma tono abin da ya ɓoye, kamar yaron da tunaninsa ya yi zurfi amma hannunsa ke da nauyi wajen rubutu, ko wanda hazaƙarsa ta lulluɓe matsalar karatu. A irin wannan hali jimillar maki takan yi ƙasa, don haka masana kan duba ma'aunin GAI, wanda ke cire saurin aiki da riƙe bayani na ɗan lokaci daga lissafi. Yaron da Ingilishi ba shi ne harshen gidansu ba, sashen kalmomi na iya tauye shi, sai a haɗa da gwajin siffofi irin na Naglieri.

6.0 Matsayar maƙala

Kafin a biya ko sisi, ya kamata iyaye su san shawarar da sakamakon zai taimaka musu su yanke. Idan takardar da za a miƙa wa hukuma ake nema, jarrabawar aji mafi araha da jihar ta amince da ita ta wadatar, kuma a yi ta a ajin da aka yi wa yaron rajista, domin mizanin ajin ne hukuma za ta duba. Idan ana son sanin ko a tsallakar da shi zuwa aljabara, sai a ba shi jarrabawar da ta girme shi da aji biyu ko fiye. Gwajin IQ a ajiye shi sai akwai shirin da ya nema ko wata alama da ta ɗaure wa iyaye kai, musamman da yake ba a so a maimaita shi kafin shekara ta zagayo.

Iyalin da ke New York da ya ba haziƙin ɗansa Iowa ta ajinsa shekara bayan shekara, ya ga 99 kowane lokaci, ya cika doka. Game da abin da ya kamata yaron ya karanta a zango mai zuwa kuwa, takardun nan ba su ƙara musu sanin komai ba.