Potez 25: jirgin yaƙin Faransa da ya ratsa Sahara

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, rundunonin Turai sun koma neman jirgi guda da zai yi aiki biyu, wato leƙen asiri, wanda shi ne shawagi a kan sansanin abokan gaba domin ɗaukar hoto da kawo rahoto, da kuma jefa ƙananan bama-bamai. Kamfanin Henry Potez na Faransa ya amsa wannan buƙata da jirgin Potez 25, wanda ya fara tashi a 1924, kuma an ƙera kusan 4,000 daga cikinsa, ciki har da waɗanda aka harhaɗa bisa izini a Poland da Romaniya da Yugoslabiya da Fotugal.

Jirgin na da fiffike hawa biyu, na ƙasan ya fi na saman gajarta sosai, kuma yawancin gangar jikinsa katako ne da aka lulluɓe da ƙyalle. Mutum biyu yake ɗauka a kujerun da ba su da rufi: matuƙi a gaba, sai mai lura a baya, wanda ke riƙe da na'urar hoto da bindigogi masu sarrafa kansu. Injin da aka fi sa masa shi ne Lorraine mai ƙarfin doki 450, gudunsa bai wuce kilomita 200 da 'yan kai a awa ba, nauyin bama-bamansa kuma wajen kilo 200 ne. Ba a gudu darajarsa take ba, a juriya take, domin an tsara mazaunin injinsa yadda zai karɓi injuna iri-iri, kuma yana iya sauka a filin da ba kwalta, abin da ya sa ƙananan ƙasashe suka yi rububinsa. Habasha ta samu nata a 1929, Faraguwai kuma ta yi yaƙin Chaco da shi.

Samfurin da ya fi yawa shi ne wanda ake kira TOE, da aka ƙera domin ƙasashen da Faransa ke mulka, aka ƙara masa tankin mai a ciki saboda doguwar tafiya. Da shi ne Janar Joseph Vuillemin ya jagoranci ayarin jirage 28 a ƙarshen 1933, suka ratsa Sahara zuwa Gao da Bamako da Dakar, sannan suka bi ta Yamai da Damagaram da Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, har Bangui. An kira tafiyar gwajin hanyoyin sama, amma ba a ɓoye yake ba cewa nuna ƙarfi ne ga al'ummomin da ba su da ko jirgi ɗaya, kuma a irin wannan sarari ne kawai jirgi mai nawa irinsa ke cin karensa babu babbaka.

A Turai kuwa zamani ya wuce shi kafin 1939, lokacin da jiragen ƙarfe masu fiffike hawa ɗaya suka ninka gudunsa, sai aka mayar da shi na horar da matuƙa, ko da yake sojojin Faransa a Indocaina sun shiga yaƙi da shi da Tailan a 1941.